Adaftar da ta sa ni gumi a wajen tafsiri

Sana'ata hayar lasifika. Ina da amfilifaya biyu, miksa (na'urar haɗa sautuka) ɗaya mai layi takwas da ƙahonni huɗu, kuma bikin aure ko suna a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, da wuya a tashi ba a neme ni ba. In azumi ya kama, ni nake haɗa wa masallacinmu kayan tafsiri, in kuma naɗi karatun Malam a waya saboda matan da ke gida.

A wajen naɗin nan ne abin ya same ni bara. Dole in sa hedifon a kunne, don abin da ƙaho ke fitarwa daban, abin da waya ke ɗauka daban. Ramin hedifon da ke jikin miksa babba ne, kan hedifon ɗina kuwa siriri, irin na waya. Adaftar da nake haɗa su da ita ta ɓace a wani biki, sai na aiki yaron shagona ranar kasuwa ya sayo wata. Ban ce masa komai ba illa "mai babban kai." Ya kuwa kawo mai babban kai.

Daren farko, mai jan baƙi ya ja aya, ni kuwa kunnen hagu kaɗai ke ji. Na murza, na danna, na dama shiru. Dare na biyu abin ya ci gaba: da na ɗan juya wuya sai ƙarrr, sauti ya ɗauke. Na kasa gane ko a kunnena ne kawai, ko karatun ne ke yankewa. Sai na shiga taɓe-taɓen maɓallai har na ɓata abin da yake daidai, ƙaho ya saki wata ƙara mai huda kunne. Malam ya dakata, ya dube ni ta saman tabarau.

"Mai na'ura, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. A ci gaba."

Rigata ta jiƙe sharkaf, kuma ba zafin Jigawa ba ne.

Da safe na ɗauko adaftar na dube ta a rana. Baƙin zobe ɗaya ne tak a jikinta. Duk wanda ke harkar nan ya kamata ya iya ƙirga waɗannan zobban, don su ne ke raba ƙarfen gida-gida. Zobe ɗaya, gida biyu ke nan, hanyar sauti ɗaya, irin kan wayar jita. Zobe biyu, gida uku: tsinin na kunnen hagu, tsakiya na dama, gindin kuma shi ne hanyar da wutar ke komawa. Da na cusa mai zobe ɗaya a ramin da aka yi don mai biyu, sai hanyar dama ta haɗe da gindi. Ba shiru kaɗai hakan ke jawowa ba, yana wahalar da na'urar da ke tura sautin, wata ma har ta yi zafi. Kwana biyu ina azabtar da miksata ban sani ba. Yaron ba shi da laifi, ni ne ban ce masa ya ƙirga ba.

Babban kan nan faɗinsa milimita 6.35 ne, wato rubu'in inci, kuma tsoho ne tukuf. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikatan tarho suke cusa irinsa a allo don haɗa mai kira da wanda ake kira. Abu ne da aka yi don a zare a mayar sau ɗari a yini, shi ya sa har yau ba ya wasa da riƙo. Siririn, mai milimita 3.5, ya fito ne da ƙananan rediyoyi, sannan Walkman na Sony, ɗan rakodan kaset na aljihu, ya baza shi duniya daga 1979. Akwai kuma ƙaninsu mai 2.5, wanda duk wanda ya riƙe Nokia 6300 zai tuna. A ido kamar ɗaya suke da 3.5, har sai ka zo cusawa.

Iyafis na waya mai makirfo kuwa zobe uku ne da shi, gida huɗu, kuma nan rigima take. Ka sa shi a adaftar da aka yi don mai zobe biyu, wani lokaci a zauna lafiya, wani lokaci ka ji muryar mai magana ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. In ka danne maɓallin amsa kira sai muryar ta dawo, ka saki ta sake nutsewa. Da ka ga haka, iyafis ɗinka lafiyarsa ƙalau, harshen adaftar ne ya sauka a gidan makirfo. Hasali ma masu ƙera waya ba su haɗa baki a kan gidajen nan biyu na ƙarshe ba, wato na makirfo da na komawar wuta: tsofaffin Nokia da Sony Ericsson sun jera su ta wata fuska, Apple da yawancin wayoyin yanzu sun juya su. Ni dai na daina sa iyafis na waya a miksa gaba ɗaya.

Saura maganar ƙarrr. A cikin adafta akwai ɗan harshen ƙarfe da ke kama wuyan fulogi, daidai inda ya lotsa a bayan tsini. A mai arha harshen nan laushi gare shi, kwana kaɗan ya saki. Yanzu kafin in biya kuɗi sai na cusa hedifon ɗina a gaban mai kaya. In ban ji ƙas ba, na ajiye. In na ji, sai in riƙe adaftar in bar wayar ta rataya, in ɗan girgiza. Wani mai tebur ya taɓa ce min, "Haba maigida, ɗan wannan abin ne har da gwaji kamar za ka sayi sa?" Na ce masa sa ai ba ya kunyata mutum a gaban Malam.

Wadda ta fi kwanta min ita ce mai murɗi. Manyan hedifon na ɗakin naɗar sauti, irin Sony MDR-7506, suna zuwa da siririn kai mai zare a gindi, sai ka murɗa babban a kansa kamar noti, su zama abu guda. Ba ya motsi, kuma in ka zare ba ya maƙalewa a cikin miksa ya bar ka da siririn a hannu. Amma kada a saye ta don kawai an ji na yaba. Bakinta a zurfafe yake, in kan hedifon ɗinka ba mai zare ba ne kuma yana da kauri, ba zai shiga har ƙarshe ba, ka koma gidan jiya.

In kuma ta ɗaya fuskar ce, babban kai za ka mayar siriri don ya shiga waya ko kwamfuta, to ka guji dunƙulalliyar adafta. Ƙanena ya yi haka da wayarsa. Adafta da fulogi suka yi tsawon yatsa, duk nauyin yana rataye a ɗan ramin nan, ya zauna a kan tabarma da wayar a aljihu, sai ji ya yi ƙwas. Dalmar da ta riƙe ramin a ciki ta ɓalle, sai da aka kai gyara Kano. Mai ɗan guntun waya a tsakani ake nema, ita wayar ta sha lanƙwasa a madadin ramin. Kuma a duba rigar wayar salular, sau da yawa ita ke hana kai shiga sosai.

Abu ɗaya da nake maimaita wa yarona har ya gaji: a bayan wasu amfilifaya ramin lasifika ma babba ne, girmansu ɗaya da na hedifon. Shigarsa daidai ba ya nufin wurinsa ne. Wutar da ke tuƙa ƙaho tana iya ƙone hedifon nan take, in yana kunne kuma abin ya fi muni. Na liƙa jan salatef a kan nawa.

Ƙurar hunturu ma tana nata. Nakan kashe na'ura, in sa tsinken sakace a hankali in fito da abin da ya taru, in goge kan da ɗan sifirit a ƙyalle. Ban da allura, ban da yawu.

Kafin azumin bana na shiga Kano, na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo biyu masu zobe biyu, duk na gwada su a tsaye. Ɗaya tana aljihun jakata. Ɗayar na ɗaure ta da zare a jikin wayar hedifon, ita wayar kuma na ɗaure ta a hannun akwatin miksa da robar cikin tayar babur, yadda ko yaro ya yi tuntuɓe da ita, akwatin zai ja, ba ramin ba. An yi tuntuɓen kuwa, daren sha bakwai, wani ɗan almajiri mai raba ruwa. Malam bai ko ɗago kai ba.