Tambayar da Abba Ya Yi Mini a Gindin Mota

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun makon jiya na yi wa Abba, ɗan marigayi ɗan'uwana, alkawarin cewa yau za mu duba motar nan tare, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi ya riga ya iso daga gidansu, ya ɗauko tsumma da jarkar ruwa ya tsaya a bakin ƙofa yana jira na. Uwargida ta sa shi ya cire kaftaninsa ya saka tsohuwar riga, domin ta san abin da baƙin mai yake yi wa tufafi. Na zaɓi safiya ne saboda inji yana nan da sanyinsa, ba a tayar da shi ba tun daren jiya, kuma yawancin abin da nake so in nuna masa sai inji ya huce ake yin sa.

Da baƙin mai muka fara. Na nuna masa yadda ake zaro sandar gejin, a goge ta tas, a mayar da ita har ƙarshe, sannan a sake zarowa a duba ko man yana tsakanin alamomin nan biyu. Na gaya masa cewa dole motar ta kasance a wuri mai daidaito, in ba haka ba gejin zai yi ƙarya, kuma idan ya taɓa ganin man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ne yake shiga ta gaskit, kada a tuƙa motar ko nan da can. Da na ce ina yin juye duk bayan kilomita 5,000 saboda ƙura da zafin ƙasar nan, sai ya ruga ya ɗauko biro, ya leƙa ta taga ya kwafe lambar da ke allon sitiyari a bayan littafinsa, ba tare da na ce ya yi ba. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

A kan lagireto na fi tsayawa, domin a nan ne yara suke ƙonewa. Na bayyana masa cewa murfin yana riƙe ruwan ne a matse, shi ya sa ruwan yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, amma da zarar an buɗe murfin da zafinsa sai ya tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa fuska. Ya ce an koya musu wani abu mai kama da wannan a darasin kimiyya, har ya yi ƙoƙarin maimaita mini bayanin malaminsu. Daga nan muka ciro matatar iska, wadda ƙurar hunturu ta mayar ja, ya kakkaɓe ta a jikin katanga yana atishawa yana dariya. Batir ma mun duba, na nuna masa farin garin da yake taruwa a kawunansa, na kuma ja masa kunne cewa wayar da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen ɗaurawa.

Taya ce ta fi burge shi. Na nuna masa lambobi huɗun da ke jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, na ce masa jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna yawan gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Sai ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya a tsugune yana karantawa da ƙarfi, har ya buɗe but ya gano cewa safaya ta fi sauran tsufa nesa ba kusa ba. Muka sa waigi, muka ja birkin hannu, ya sassauta notina tun motar tana ƙasa kamar yadda na ce, sannan ya ɗaga jak da kansa.

A nan ne ya yi mini tambayar da ta hana ni sukuni har zuwa yanzu. Yana ɗaure notina, ɗaya ya tsallaka zuwa na daura da shi yadda na koya masa, kansa a sunkuye, sai na ji ya ce, "Baffa, yaushe za a kai ni garejin?"

Na ce, "Wane gareji kuma, Abba?"

Ya ce, "Wanda zan koyi aiki. Na ji Umma tana faɗa wa Gwaggo cewa an ƙara kuɗin makaranta. Kuma abokina da babansa ya rasu, haka kawunsa ya fara nuna masa mota, daga baya aka cire shi aka kai shi gareji." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Idan kun ga haka ya fi, ba komai, Baffa, zan yi."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta soke ni. Yaro ɗan shekara 13, wanda bai gama saba wa rashin mahaifinsa ba, ashe duk makon nan da nake ganin yana ɗokin zuwan Asabar, lissafinsa daban ne. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ya haɗiye, ya zo da tsummansa domin ya nuna mini cewa ba zai zame wa kowa nauyi ba. Rubuta lambar kilomita da ya yi, da saurin da yake yi wajen miƙo sifana, duk na ɗauke su a matsayin sha'awa, yanzu kuwa ina tambayar kaina nawa ne sha'awa a ciki, nawa ne kuma ƙoƙarin yaron da yake zaton jarrabawa ake yi masa.

Na ce masa ya ajiye sifanar ya ɗago ya dube ni. Na gaya masa cewa muddin ina numfashi ba wanda zai cire shi daga makaranta, cewa maganar kuɗi tsakanina da Ummansa ce, ba tasa ba ce, kuma abin da ya sa nake koya masa mota shi ne wanda ya sa nake koya wa yayyensa na gidan nan: kada wata rana ya tsaya a daji tsakanin Kano da Zariya da iyalinsa saboda taya ɗaya, kada kuma wani ya karɓi kuɗinsa a kan gyaran da ba a yi ba. Ya ce, "To, Baffa, na gode." Ya ci gaba da ɗaure notinsa, amma dariyar da yake yi tun safe ba ta dawo ba.

Akwai wani ɓangaren maganar da yake damu na, kuma shi ne na kasa warware masa a tsaye a bakin ƙofa. Ba na so ya fahimci cewa na kwantar masa da hankali ne domin gareji wurin ƙasƙanci ne. Bakaniken da yake duba mini mota shekara da shekaru mutum ne mai mutunci, da wannan sana'ar ya gina gida, ya sauke farali, ya kuma ɗauki nauyin danginsa, kuma da kunne kawai yakan gane ciwon inji kafin ya buɗe shi. Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda muka mayar da gareji wurin da ake kai yaro idan ubansa ya mutu ko aljihu ya gaza, har yara suka gane haka, suka fara jin tsoron sifana a hannun babba. Kowa ya san yaran da nake nufi, 'yan shekara tara zuwa goma, waɗanda ake sa su zuƙo fetur da baki ta tiyo, ko su kwanta ƙarƙashin motar da aka ɗora a kan duwatsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya samu karatun shekara tara kyauta kuma tilas, amma waɗannan yaran suna nan a idon kowa, mu ma da muke kai motocinmu muna aiken su sayen ruwa.

Kuma shi kansa aikin ya canza. Zamanin Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a da, yaro mai kaifin ido yana iya ƙwarewa ta hanyar kallo da maimaitawa, domin komai a fili yake. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce take sarrafa mai da wuta a cikinsu. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da kafar da ake jona na'urar gano matsala, kuma da yawa daga cikin na hannun da muke hawa daga can suke fitowa. Bakaniken nawa ya sha yi mini ƙorafi cewa yaran da ake kawo masa ba sa iya karanta abin da na'urar ta rubuta, sai ya biya wani ya zo ya duba. Ke nan ko da Abba zai zaɓi kanikanci da kansa idan ya girma, kuma zan yi murna da hakan, karatun da yake tsoron a raba shi da shi ne zai sa ya yi fice a ciki.

Da azahar ya ci abinci kaɗan, ya ce zai koma gida saboda yana da aikin makaranta.

Uwargida tana ganin na ɗauki maganar da zafi fiye da kima, ta ce yara sukan faɗi abu su manta. Ni ban ga alamar mantuwa a fuskarsa ba.

Bayan magariba na kira Ummansa, na roƙe ta da ta daina zancen kuɗin makaranta inda zai ji, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce ba ta san yana kusa ba. Mun yi da ita cewa ranar Litinin idan ya taso zan biya in ɗauke shi mu tafi banki tare, in biya kuɗin zango mai zuwa a gabansa, in danƙa masa rasit ya kai makaranta da hannunsa. Daga can za mu wuce kasuwar Ƙofar Ruwa neman safaya, kuma shi zan bari ya karanta lambobin da ke jikinta kafin in yi ciniki.