Bashin da Milwaukee Bucks ta ci domin Giannis

Saura daƙiƙa 40 a tashi daga ƙarin lokaci, ranar 29 ga Afrilun 2025, Milwaukee Bucks na gaban Indiana Pacers da ci 118 da 111 a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA. A ƙwallon kwando, tazarar maki bakwai cikin daƙiƙa 40 wasa ne da ya gama, muddin ka iya riƙe ƙwallo har a yi maka keta. Bucks ba ta iya ba. Andrew Nembhard na Indiana ya jefa ta maki uku daga nesa, sai ƙwallo ta kuɓuce wa Gary Trent Jr. na Bucks har sau biyu a jere, ta biyun ma ta zame masa ne ta fita waje babu wanda ya taɓa shi. Tyrese Haliburton na Indiana ya ci maki uku a tsakanin hakan, sannan ya kutsa ta gefen tauraron Bucks Giannis Antetokounmpo ya ajiye ta a kwando saura daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Aka tashi 119 da 118. Giannis ya ci maki 30 a daren, ya cafke ƙwallo 20 da suka dawo daga kwando, ya miƙa 13 aka ci, duk da haka kakar ta ƙare. Karo na uku ke nan a jere da aka fitar da Bucks a zagayen farko na wasannin fitar da gwani: Miami a 2023, Indiana a 2024, Indiana kuma a 2025.

Zalunci ne a ɗora wa Trent laifin kakar. Shi ne ya ci maki 37 a wasa na uku, wanda shi kaɗai Bucks ta ci a karawar, kuma a wannan wasan na ƙarshe ma ya ci 33. Abin da ya faru shi ne ƙwallo ta faɗa hannun mai jifa a lokacin da ake buƙatar mai sarrafawa, saboda mai sarrafawar yana kwance. A watan Maris likitoci suka gano gudan jini a jijiyar sha-raɓar Damian Lillard ta dama. Ya sha magani, ya dawo da wuri fiye da yadda aka zata, sai a wasa na huɗu jijiyar agararsa ta hagu ta tsinke, babu wanda ya ture shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mutum mai shekara 34 da agara ta tsinke masa, kaka guda cur ta tafi.

Kakar kanta ba ta yi muni a takarda ba. Nasara 48, rashin nasara 34, matsayi na biyar a ɓangaren gabas, ga kofin tsakiyar kaka da suka ɗauka a Las Vegas a watan Disambar 2024 bayan sun doke Oklahoma City da ci 97 da 81, ƙungiyar da daga baya ta zama zakaran NBA. Giannis ya riƙa cin maki 30 a kowane wasa a matsakaici, kuma kashi 60 cikin ɗari na jifansa na shiga. Amma Indiana ta tona asirin da alƙaluman suka rufe. Tun zamanin koci Mike Budenholzer tsaron Bucks a kan Brook Lopez ya dogara: dogon ya ja baya ya tsaya gindin kwando, a bar abokan karawa su yi ta jifa daga tsaka-tsaki. Tsarin na aiki ne idan kana da mai bin ɗan gaba sau da ƙafa kamar Jrue Holiday, wanda zai ratsa shingen da aka yi masa ya dawo gaban mutuminsa. Holiday ya tafi tun 2023. Lopez ya kai shekara 37. Indiana kuwa gudu take yi ko bayan an ci ta, kuma dogonta yana fita waje ya jefa ta maki uku, dole Lopez ya bar gindin kwando ya bi shi, ƙafa kuma ba ta ba shi. A wasa na biyar koci Doc Rivers ya cire shi daga biyar ɗin farko. Kyle Kuzma, wanda aka karɓo daga Washington a watan Fabrairu a madadin Khris Middleton, ya buga sama da minti 20 a wasan farko bai ci maki ko ɗaya ba, bai cafke ƙwallo ko ɗaya ba, bai miƙa wa kowa an ci ba.

Don a fahimci abin da shugaban sashen 'yan wasa, Jon Horst, ya yi a lokacin hutu, sai an san yadda kuɗi ke tafiya a NBA, domin ba kamar ƙwallon ƙafar Turai ba ce da mai kuɗi zai sayi wanda ya ga dama. Akwai iyakar albashi. A kakar 2025-26 dala miliyan 154.6 ce ga ƙungiya ɗungurungum. Ana iya wuce ta wajen sabunta wa 'yan wasanka kwantiragi, amma ba za ka ɗauko babban ɗan wasa daga kasuwa ba sai kana da fili a ƙarƙashinta. Daga miliyan 187.9 haraji ke farawa. Sama da nan akwai shinge biyu, ɗaya a wajen miliyan 196, ɗaya a wajen 208, kuma wanda ya haye na biyun an ɗaure masa hannu: ba zai haɗa albashin mutum biyu ya yi musaya da mutum ɗaya ba, ba zai ƙara tsabar kuɗi a ciniki ba. Sayar da Middleton, da ya yi wa magoya baya ciwo ƙwarai, rabinsa saboda saukowa ne daga wannan shingen.

Hanya ta biyu ta gyara ƙungiya ita ce zaɓen matasa na shekara-shekara, inda wadda ta fi shan kashi ta fi samun damar ɗaukar gwani. Nan ma ƙofa a rufe take. Lokacin da aka karɓo Holiday daga New Orleans a 2020, an ba da zaɓen zagayen farko na 2025 da na 2027, da ikon musanya na 2024 da 2026. Lokacin da aka karɓo Lillard daga Portland a 2023, an ƙara da na 2029, da ikon musanya na 2028 da 2030. Ma'ana, sai 2031 Bucks za ta sake mallakar zaɓenta ita kaɗai. Ko da ta ce bari ta rushe komai ta sha kashi da gangan ta fara daga tushe, wasu ne za su ci ribar faɗuwarta. Cinikin Holiday ya biya kansa, tunda da shi aka ɗauki kofin 2021. Na Lillard ne bai haifar da nasarar zagaye ko ɗaya ba, kuma Holiday da aka sallama ya je ya ɗauki kofi da Boston a 2024.

Sai Horst ya ɗauki matakin da ba a taɓa ganin girmansa ba. A farkon Yuli ya sallami Lillard. Kwantiragin NBA ba ya mutuwa don an sallami mutum, za a biya shi sauran shekara biyunsa, kusan dala miliyan 113, har sisin kwabo. Abin da doka ta yarda shi ne a shimfiɗa kuɗin a littafin albashi: a ninka shekarun da suka rage sau biyu a ƙara ɗaya. Biyu sau biyu da ɗaya, shekara biyar. Maimakon sama da miliyan 54 a kaka ɗaya, sai ya koma kusan miliyan 22 da rabi duk shekara har 2030. Akwai sharaɗin cewa irin wannan mataccen kuɗi kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na iyakar albashi, kuma da ƙyar Bucks ta sha a ƙarƙashinsa. Da filin da aka samu aka ɗauko Myles Turner, dogon Indiana ɗin nan da ya wahalar da Lopez, a kan shekara huɗu da kusan miliyan 107. Lopez ya tafi Los Angeles Clippers, Lillard ya koma gida Portland.

A fili, zaɓen Turner daidai ne. Giannis ba ya jifa daga nesa, aikinsa kutsawa, saboda haka dole dogon da ke tare da shi ya iya abu biyu da ba kasafai ake samunsu a mutum ɗaya ba: ya tare jifa a gindin kwandonsu, ya kuma tsaya can waje a ɗaya gefen ya janye dogon abokan karawa daga hanya. Turner ya fi kowa tare jifa a gasar har kaka biyu, kusan kashi 40 na jifansa na maki uku ya shiga a kakar 2024-25, kuma ya bai wa Lopez shekara takwas baya. Rauninsa cafke ƙwallo ne, bai cika wuce shida ko bakwai a wasa ba, amma Giannis da Bobby Portis na iya rufe wannan.

Matsalar tana wajen lissafi. A kakar 2025-26, Giannis miliyan 54, Turner kusan 25, Kuzma kusan 22, inuwar Lillard 22 da rabi: kusan miliyan 124 ke nan daga cikin 154, kuma ba a ambaci mai sarrafa ƙwallo ko ɗaya ba. A farkon wannan kakar aikin ya rage wa Kevin Porter Jr., Ryan Rollins da Cole Anthony, dukkansu a kan ƙananan kwantiragi. Dabarar da aka dogara da ita ita ce wadda aka gani a ƙarshen kakar 2024-25 lokacin da Lillard ke jinya: a damƙa wa Giannis ƙwallo tun daga baya, a kewaye shi da masu jifa huɗu irin su Trent da AJ Green. Da haka suka ci wasa takwas na ƙarshe a jere, har a Philadelphia ya miƙa ƙwallo 20 aka ci a dare ɗaya. Sai dai abin da ya yi aiki mako biyu a watan Afrilu ba lallai ya ɗore wasa 82 ba. A minti biyar na ƙarshe na wasa mai zafi, abokan karawa kan gina katangar mutum uku a gaban Giannis, su yi masa keta da gangan saboda jifansa na fanareti bai cika wuce shida cikin goma ba. A 2021 Middleton ne ke warware wannan ƙullin da jifansa na tsaka-tsaki. Bayan tafiyarsa aka rasa mai wannan hannun. Ra'ayina shi ne an sayi kaka biyu na matsakaicin ƙarfi da farashin kaka biyar, kuma an yi hakan ne da ido a buɗe, domin kwantiragin Giannis ya ba shi damar ficewa a 2027.

Me ya sa ƙungiya za ta ci irin wannan bashi don mutum ɗaya? Milwaukee ƙaramin gari ne a ma'aunin NBA, mai tsananin sanyi, taurari ba sa zaɓarsa da kansu. Kofin farko na 1971 Kareem Abdul-Jabbar ne ya kawo shi, shi ma bayan shekara huɗu ya nemi a sake shi ya tafi Los Angeles, aka yi shekara 50 ana jira. A 2014, da tsohon Sanata Herb Kohl ya sayar da ƙungiyar a kan dala miliyan 550, akwai sharaɗin cewa in ba a gina sabon fili ba NBA na iya saye ta, kowa kuma ya san ɗauke ta za a yi zuwa wani gari. Aka gina Fiserv Forum, aka buɗe a 2018, da dala miliyan 250 daga aljihun jama'a. Giannis, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Athens, wanda ya yi tallan agogo da jakunkuna a titi kuma bai sami takardar zama ɗan Girka ba sai 2013, shi ne tauraron da ya zauna. A daren 20 ga Yulin 2021 ya ci maki 50 a kan Phoenix, jifan fanareti 17 cikin 19 suka shiga, yayin da kimanin mutum 65,000 ke tsaye a dandalin da ke wajen filin suna kallo a majigi.

Wannan taron yana da nauyi saboda Milwaukee na cikin biranen Amurka da suka fi rabuwa tsakanin unguwannin baƙar fata da na farar fata, kuma wurare kaɗan ne ke haɗa su kafaɗa da kafaɗa. 'Yan wasan ma ba su tsira daga halin garin ba. A Janairun 2018 'yan sanda suka kayar da Sterling Brown, ɗan wasan Bucks, suka jona masa na'urar lantarki a kan laifin ajiye mota ba daidai ba. Daga baya birnin ya amince ya biya shi dala 750,000. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne cewa Bucks ce ta fara ƙin fitowa fili ranar 26 ga Agustan 2020, kwana uku bayan ɗan sanda ya harbi Jacob Blake a baya a Kenosha, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Milwaukee. Orlando Magic na fili tana ɗumama jiki, alƙalan wasa na jira, su kuma suna ɗakin sauya kaya suna waya da babban lauyan jihar Wisconsin da mataimakin gwamna. Brown da George Hill ne suka karanta sanarwarsu. Aka dakatar da wasannin NBA na kwana uku, wasu gasannin suka bi sahu, kuma kafin a dawo sai da masu ƙungiyoyi suka yi alkawarin bayar da filayensu don harkar zaɓe inda hakan zai yiwu.

Ba na so a zuzuta abin fiye da kima. Ba a gurfanar da ɗan sandan da ya harbi Blake ba. A Mayun 2022, bayan wasa da Boston, an yi harbe-harbe a kusa da wannan dandalin na murna, mutum kusan 20 suka ji rauni, aka soke taron kallon wasan gaba. Masana tattalin arziki da dama kuma sun daɗe suna cewa kuɗin gwamnati da ake zubawa a filayen wasa ba ya dawowa yadda ake alkawari. Abin da ya fi tabbata shi ne ƙaramin abu mai auno: yarjejeniyar da ta sa mafi ƙarancin ladan ma'aikatan filin ya hau zuwa dala 15 a awa, da sharaɗin ɗaukar wani kaso daga unguwannin talakawa, da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Masu sayar da abinci, masu shara da masu duba tikiti kan sami aiki ne a daren da aka yi wasa. Shi ya sa da annobar korona ta tsayar da gasar a Maris 2020, Giannis ya ba su dala 100,000. Gare su, zagayen fitar da gwani mai nisa na nufin ƙarin dare goma ko fiye na aiki. A 2025 wasa biyu kacal aka buga a Fiserv Forum bayan kammala kaka, sai babu wasan Bucks har Oktoba.