Wuƙar da aka daina ƙerawa

Asabar, da dare.

Tun jiya da wani mutum ya turo mini hotunan wuƙar da yake son sayarwa hankalina bai bar kanta ba. Old Timer ce ta kamfanin Schrade, samfurin 34OT, mai ruwa uku, irin wadda ake naɗewa a jefa aljihu. Na ce masa ni ba na cinikin biri a sama, sai na riƙe ta a hannuna tukuna. Yau da hantsi sai ga shi, ashe ma guda biyu ne gare shi.

Nacin da na yi akwai dalili. Masana'antar da ta ƙera waɗannan wuƙaƙe tana garin Ellenville ne a jihar New York ta Amurka, kuma an rufe ta a watan Yulin 2004, shekarar da kamfanin ya cika shekara 100. Daga baya kamfanin Taylor ya sayi sunan, aka ci gaba da fitar da Old Timer daga ƙasar Sin. Sunan yana raye, amma na wancan gida sun ƙare, sai waɗanda suka rage a hannun mutane. Idan sifirin, wato ƙarfen bayanta mai riƙe ruwan, ya karye mini gobe, wannan masana'anta ba ta nan balle in aika mata. Duk aibin da na saya ya zama nawa.

Na fara da gindin babban ruwan, inda ake buga hatimi. Dukkansu biyu akwai SCHRADE da USA, ga lambar samfurin. Nan na ɗan samu natsuwa.

Ta farko ita ya fara miƙo mini, kuma na gane dalili. Sai ɗaukar ido take yi, an goge ta tas. Amma ƙarfen irin waɗannan wuƙaƙe 1095 ne, mai yawan kabon, wanda ke yin duhu idan ana aiki da shi, ya yi tsatsa idan an bar shi da laima. Wuƙar da ta haura shekara 20 tana ƙyalli haka, ko dai ba a taɓa amfani da ita ba, ko kuma an ci ta da abin gogewa. Da na ɗora ta gefen 'yar'uwarta gaskiya ta fito. Ruwanta ya sirance, wasawa ta cinye cikinsa har ya yi lanƙwasa. Na naɗe ta, na shafa yatsa a saman ƙotar, sai tsinin ya ɗan soke ni, domin ya daina nutsewa ciki yadda ya kamata. Wannan ita ce mai yanka mutum yayin da yake laluben makulli a aljihu. Na sake buɗe ta, na kama ruwan na motsa shi hagu da dama, yana girgiɗi kamar haƙorin da zai faɗi.

Na ce, "Malam, wannan ta sha dutse."

Ya yi murmushi, ya ce a haka ta shigo hannunsa. Na yarda da shi, ban ja maganar ba.

Ta biyu ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ruwanta ya yi toka-toka, da wani shuɗi-shuɗi wajen tsinin. Ni kuwa wannan launi bai taɓa damuna ba, yana ma ɗan kare ƙarfen. Abin da nake tsoro shi ne jar tsatsa mai haƙa rami. Na haska tocilar waya, na bi da farce a hankali. Na samu 'yan ɗigo uku kusa da gindi, nesa da kaifin, ba su yi zurfi ba. Faɗin ruwan yana nan cif.

A kan sifirin na fi daɗewa, domin wannan wuƙa ba ta da makulli. Ƙarfen da ke bayanta kaɗai ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, kuma shi ne ba a gani a hoto. Babban ruwan ya buɗe da ƙas, ya rufe da ƙas, har cikin tafin hannuna na ji. Na biyu ma haka. Ƙaramin ne ya ba ni tsoro, sai jan jiki yake yi, sai na tura shi da yatsa kafin ya kwanta. Gabana ya faɗi, don sifirin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Na nemi izini na sa tsinke a cikin ramin da ruwan ke kwanciya, na zaƙulo dunƙulen zaren aljihu da busasshen maiƙo, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, na yi ta buɗewa ina rufewa. Can sai ga ƙarar ta dawo. Datti ne kawai ya shaƙe shi.

Ƙotar roba ce mai tauri da ake kira Delrin, ruwan ƙasa, mai zane kamar shatin zarto. Na duba kewayen kowace ƙusa, musamman ta tsakiya mai ɗauke da nauyin sifirin, don can tsagewa ke son farawa. Babu. Na ɗaga bayan wuƙar saitin taga, haske bai ratso tsakanin sifirin da tagullar gefensa ba sai wani siririn layi a ƙarshe.

Sai da na tsaya na tambayi kaina: don an daina yin ta nake so, ko don tana da kyau? Jin cewa abu ba ya ƙara samuwa yana sa mutum gaggawa, kuma na ji wannan gaggawar tana jana tun kan ta farko. Na ga cewa ko da har yanzu ana ƙera ta, wannan ta biyun zan ɗauka. Na biya.

Yanzu na gama wasa babban ruwan. Ƙarfen bai yi mini gardama a kan dutse ba, cikin 'yan mintuna ya soma tsaga takarda ba tare da ya yage ta ba. Launin tokar na bar shi yadda yake, na dai shafa masa mai. Sauran biyun sai gobe, idanuna sun gaji.