Kada Ka Zare Ƙusar Nan

Jiya bayan la'asar ina zaune a zaure, a ƙauyenmu da ke bayan Ringim, sai ga ɗan ƙanwata ya fito da kwalba da filaya. Ɗalibin likitancin dabbobi ne, hutu ya kawo shi gida. A cikin kwalbar akwai ƙashin ƙafar zomo da 'yar ƙusar taitaniyom, wani ƙarfe da ake dasawa a jiki, da suka dasa masa a makaranta. Na ce me filaya za ta yi? Ya ce, "Kawu, ƙusar zan zare, wuƙar da muke yanka da ita ba ta cin ƙarfe." Sai gabana ya faɗi, domin abin da na yi ke nan da hannuna ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

Zomaye shida aka damƙa mini ƙasusuwansu. Abin da ake son gani shi ne gaɓar da ƙashi ya manne da ƙarfe, a auna kashi nawa cikin ɗari na jikin ƙusar ƙashi ya taɓa kai tsaye. Ni kuwa na murɗe ƙusoshin duka, na jefa ƙasusuwan cikin asid don su yi laushi da wuri. Ƙusa ta fito da ɗan sabon ƙashin da ya rungume ta, asid kuma ya ɓata sauran, rini ya ƙi kamawa. Da na leƙa madubin ƙara girma, rami kawai na gani. Na rubuta cewa ƙashi bai kama ba. Ƙarya na yi wa zomayen nan, kuma a banza suka mutu.

Amma a yi mini adalci. Ba mu da zarto mai bakin lu'ulu'u, wuta sai ta ga dama, ana kuma matsa mini a kan sakamako. Wa ya koya mini? Duk da haka na san ana lausasa ƙashi a hankali da wani sinadari da ake kira EDTA, makonni yake ɗauka, ni ne ban iya jira ba. Ko maɗorin garinmu ba ya kwance ɗori don ya ga ko ya kama.

Ai ilimin ma daga ƙarfen da ya ƙi fita ya samo asali. A 1952 Buranemak, wani likita ɗan Suwidin, ya saka taitaniyom a ƙashin zomo don nazarin gudanar jini, da ya zo cirewa ya tarar sun zama ɗaya. A 1965 ya dasa wa mutum haƙora da shi. Shi ya tsaya ya yi tunani, ni na sa ƙarfi.

Na so in zayyana wa yaron nan abubuwa da yawa, kaɗan suka fito. Na ce masa, ka bar ƙusar a inda take. Bayan fomalin, ruwan maganin da ke hana ruɓewa, ka bi da ƙashin cikin sifirit mataki-mataki har ruwa ya fita, ka binne shi cikin robar da ke daskarewa, a yanka ƙashi da ƙarfe tare, a goge har haske ya ratsa, sannan a rina. In babu zarton a makarantarku, ka jira. A'a, kada ma ka jira, ka ɗauki kwalbar ka nemi inda yake ko da nesa ne. In kuwa zarewar kake so, to ka zare, amma da ma'aunin ƙarfin murɗa, a ɗanyen ƙashi, ba wanda ya kwana a fomalin ba, kuma wannan wani gwajin ne daban.

Ina magana yana latsa waya, wai yana duba ko haka ne. Yaran yanzu! Hoton sakamako suke so kafin su yi aikin. Na karɓe kwalbar na ajiye a ɗakina har ranar komawarsa, filayar kuma na aika a mayar wa mai faci.