Inda aka kwana a ɗinkin ƙunzugu mai wankuwa na 'yan ƙaramar sakandare

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan ɗinki, musamman malamai mata da ke riƙe da ƙungiyar sana'ar hannu a ƙananan makarantun sakandare. Mako shida ke nan da fara aikin, zama ɗaya a mako bayan an tashi. Ga abin da ya yi kyau, ga wanda ya lalace da dalilinsa, don kada ku ɓata yadi a inda aka riga aka ɓata.

'Yan aji ɗaya zuwa uku yawanci suna tsakanin shekara 11 da 15, wato daidai lokacin fara al'ada. A shekarun farko ba ta da tsayayyen lokaci, tana iya zuwa ana tsakiyar darasi. Duk malamar da ta daɗe a aji ta san yarinyar nan da za a kira ta allo ta ƙi tashi, ta ja hijabi ta rufe bayanta, sai kowa ya fita sannan ta miƙe da jaka a ƙugu. Gobe ba za a gan ta ba, jibi ma haka. Saboda ita ake wannan ɗinki, don haka ma'aunin nasara ɗaya ne: kada ya zuba, kada ya kunyata ta.

Makon farko ya tafi a zaɓen yadi. Ana buƙatar iri uku: auduga mai laushi da za ta taɓa jiki, tawul na auduga da zai sha jini, da yadin lema da zai hana shi wucewa. A kasuwar yadi, ko da irin Kantin Kwari ce, ana yawan miƙo yadin roba a ce auduga ne. Ku nemi ɗan ƙyalle ku kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Wani tawul ɗin roba ba ya shan ruwa sosai, jini bin kansa yake ya gangara gefe. Sannan a wanke auduga da tawul a shanya kafin almakashi ya taɓa su. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci da ke hana shi shan ruwa, kuma yana tsukewa a wankin farko. Idan an ɗinka kafin a wanke, audugar za ta tsuke lema ta tsaya yadda take, abin ya kumbura ya karkace. Launi mai duhu ya fi, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, don tabo ba ya fitowa a kansa.

A mako na biyu da na uku aka ɗinka samfurin farko, wanda komai yake haɗe. An yanka kwalin da za a riƙa ɗorawa a fitar da siffa, tsawon inci 11, faɗinsa da fukafukai (gefunan da ake naɗewa a jikin kamfai) inci 8 da rabi, har da rabin inci na bakin ɗinki. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 yana ba da yanka 15. Tawul na ciki inci 3 a 8, ninki biyu. Allura lamba 14, ɗinki 8 zuwa 10 a kowane inci. Idan ɗinkin ya fi haka matsewa, hudojin allura suna jeruwa su yaga lemar kamar takardar rasit.

Kuskuren da ya fi cin yadi a nan shi ne a haɗa ninki ukun a bi tsakiyarsu da keke. Kowace huda a jikin lema ƙofa ce. Tsarin shi ne a fara ɗinka tawul a bayan audugar ita kaɗai, a zagaye shi, a ƙara layi biyu a tsaye don kada ya dunƙule a wanki. Daga nan a ɗora lema fuska da fuska, a ɗinka baki kawai, a bar ƙofa inci 2, a tsattsaga wuraren lanƙwasa da bakin almakashi, a juya, a bi gefe da ɗinki. Fil ma huda ne, don haka a riƙe da abin maƙale shanya. Idan lema tana zamewa ƙarƙashin ƙafar keke, a shimfiɗa takarda a ƙasa a ɗinka tare, a yage ta daga baya. Leda ba ta maye gurbin lema: tana ƙara idan ana tafiya, tana sa gumi, wanki biyu ta tsage. Maɓalli kuwa na roba mai maƙalewa, irin na rigar jarirai, domin na ƙarfe yana tsatsa.

Kada a ba kowace yarinya abin da ba a gwada ba. A shimfiɗa farar takarda, a ɗora ƙunzugun, a ɗebi ruwan zoɓo mililita 10 a sirinji a zuba a hankali a tsakiya, a jira minti ɗaya, a danna da tafin hannu kamar nauyin zama. A ɗaga a duba takardar. Ja a tsakiya, an huda lema. Ja a gefe, tawul bai sha ba ko fiffiken ya jawo ruwan ya zagayo da shi.

Samfurin farko ya ci wannan gwaji amma ya faɗi a wurin shanya, kuma wannan ne darasin da ya fi girma a makonnin shida. Kaurinsa yana sa ya daɗe bai bushe ba, balle da damina. Siffarsa kuma tana faɗin abin da yake. Yarinya 'yar shekara 12 ba za ta rataya shi a igiyar tsakar gida gaban yayyenta maza ba. Ƙarƙashin katifa za ta tura shi da danshinsa, ya yi fumfuna da wari, ya jawo ƙaiƙayi. Ɗinki mai kyau ya zama cuta ke nan.

Shi ya sa daga mako na huɗu aka raba shi gida biyu. Akwai mariƙi: auduga sama da ƙasa, lema a tsakiya, fukafukai da maɓalli, da ɗan aljihu mai zurfin inci 2 a kowane kai. Akwai kuma ƙyallen sha: auduga mai laushi murabba'i inci 8 da rabi, ninki biyu, a ɗinka a juya ya koma kusan inci 8. A ninka shi uku a cusa kawunansa cikin aljihunan. Ranar da jini ya yi yawa a sa biyu. Idan an warware shi a kan igiya hankici ne a idon kowa, kuma rana tana ratsa shi da wuri. Yadi ɗaya yana ba da ƙyalle 10. Kowace yarinya mariƙi 2, ƙyalle 8, sabulu, da 'yar jakar lema mai zif ta ajiye wanda ta cire har ta koma gida.

Wanki ma darasi ne da ake yi a aikace da bokiti. Ruwan sanyi ake fara jiƙawa da shi, domin ruwan zafi yana dafa jini ya kama yadi. Sai sabulu, ɗauraya har ruwa ya fito fes, shanya a rana. Ana iya goge ƙyallen, mariƙin kuwa dutsen guga yana narkar da lemarsa. A canja bayan awa 4 zuwa 6, kuma ba a aro ko tsakanin ya da ƙanwa.

Tsarin zaman yana da nasa aiki. Yara takwas a tebur ɗaya sun isa. Hannu yana aiki, ido yana kan ƙyalle, sai tambayar da ba za a taɓa yi a aji ba ta fito da kanta. Ga masu kunya akwai kwali mai tsaga a sama, ana raba wa kowa takarda iri ɗaya, kowa ta saka ko da ba ta rubuta komai ba, don kada a gane mai tambaya. Malama ta buɗe ita kaɗai kafin zama na gaba. Tambayar sallah da wanka a kai wa malamar addini. Jinin da ya wuce kwana 7, ko wanda ke jiƙa ƙyalle cikin awa ɗaya ko biyu, ciwon mara mai hana zama, jiri, ko shekara 15 ba a fara ba, a yi magana da uwa a nufi asibiti. Takardar da ta nuna wani yana taɓa yarinya ba a karanta ta a bainar jama'a. Malamar ba da shawara da shugabar makaranta za a nufa a ranar. A kuma lura da rabon aiki: sau da yawa wadda ke baya a lissafi ita ce mai hannun lanƙwasa, to a ba ta 'yan aji ɗaya ta koya musu, a kira ta da sunan mai koyarwa a gaban ƙawayenta. Iyaye mata su ga samfurin tun kafin ya shiga jakar 'ya'yansu.

Abin da ya rage: kowace yarinya ta ɗinka wa kanta ɗan littafin ƙirga kwanaki, a gaya mata tazarar kwana 21 zuwa 45 ba matsala ba ce a shekarunta. Ana so a kammala kayan 'yan aji ɗaya kafin 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya da ake yi tun 2014. Maganar sakata a ƙofar banɗaki da buta da ruwa za ta je gaban kwamitin makaranta, domin ƙyalle takwas ba su da amfani in babu inda za a canja. Mako mai zuwa za a wanke mariƙi ɗaya sau 20 a sake yi masa gwajin zoɓo, a ga ko lemar za ta riƙe.