Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Wasiƙun Gidan Nádasdy

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda hunturun farko ya riske ni a Keszthely, garin da ke bakin tafkin Balaton a yammacin Hangare, inda na je ƙaro karatun noman lambu a tsangayar Georgikon, wadda György Festetics ya kafa tun 1797. Na ba ku labarin yadda sanyi da duhun ƙarfe huɗu na yamma suka yi mini rubdugu, da yadda wayata da Malam ta koma gaisuwa zalla: ya yara, lafiya lau, ya karatu, alhamdu lillahi, sai anjima. Ba faɗa muka yi ba. Nisa ne ya cinye hirar, kowa yana ganin ƙananan abubuwan da suka same shi ba su kai a faɗa ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ta lura. Malamar tarihi ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Budapest. Neni nake kiranta, don kuwa haka ake kiran dattijuwa a can. Ba ta taɓa tambayata abin da ke damuna ba. Amma da sanyi ya ja da baya cikin watan Afrilu, wata Asabar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in sa takalmin tafiya, za ta kai ni gidan wata mata da ta riga ni sanin lambu da shekara ɗari huɗu da ɗoriya.

Sárvár muka nufa, arewa da Keszthely. Gidan sarautar mai kusurwa biyar ne, da doguwar hasumiya a kan ƙofar shiga, yanzu kuma gidan tarihi ne. Maziyarta sun fi cincirindo a babban zaure, kowa ya ɗaga kai yana kallon hotunan yaƙi da aka zana a rufin a 1653. Neni ba ta bari na daɗe a nan ba. Ta ja ni tsakar gida, muka zauna a benci, ta fara ba ni labarin Orsolya Kanizsai.

A 1526 sojojin Sarki Sulaiman na Turkiyya suka ragargaza rundunar Hangare a Mohács, sarkin ƙasar, Lajos na biyu, ya mutu yana ɗan shekara 20. Mutum biyu suka tashi kowa yana cewa shi ne sarki: Ferdinand na gidan Habsburg da János Szapolyai. A cikin wannan ruɗani maza suka ƙare a gidan Kanizsai, ɗaya daga cikin gidaje mafi arziki a yammacin ƙasar, masu Kanizsa da Sárvár da Kapuvár da Léka. Wadda ta rage yarinya ce marainiya, Orsolya.

Sai an san dokar gadonsu za a gane halin da ta shiga. A 1514 wani masanin shari'a, István Werbőczy, ya tattara dokokin gargajiyar masu sarauta a littafi mai kashi uku, aka yi ta hukunci da shi har 1848. Ƙasar da aka gada kaka da kakanni ta 'ya'ya maza ce. 'Ya'ya mata, ko ɗaya ce ko su goma ne, kashi ɗaya cikin huɗu suke rabawa, shi ma yawanci da kuɗi ake biyansu don kada gona ta bi su gidan miji. In maza suka ƙare, ƙasa ta koma hannun sarki. Akwai kuma wani kuɗi mai kama da sadaki, sai dai ba a ranar ɗaurin aure ake bayarwa ba, daga dukiyar miji ake cire mata shi in auren ya ƙare, kuma in aurenta na biyu ne rabi take samu. Na gaya wa Neni cewa mu a shari'armu 'ya tana da rabin kason ɗa namiji, a gona da gida da komai, sadaki kuma tun farko nata ne. Ta yi shiru tana lissafi, ta ce to da Orsolya ba ta buƙaci alfarmar kowa ba.

Alfarmar kuwa ita ce wata dabara da Sarki Károly Róbert ya fara a 1332: sarki yana da ikon rubuta takarda ya ce daga yau wance namiji ce a idon doka, ta gaji ubanta kamar ɗa. A 1532 János Szapolyai ya yi wa Orsolya haka, kuma a wannan shekarar aka yi baikonta da Tamás Nádasdy. An haifi Tamás a 1498, ɗan ƙaramin gidan sarauta ne, ya yi karatu a Italiya, yana da kai da baki amma ba shi da ƙasa mai yawa. Sarki yana son riƙe shi a ɓangarensa, sai ya ba shi yarinya haɗe da garuruwanta. Aka ɗaura aure a 1535, tana wajen shekara 14, shi yana 37. Tamás kuma bai zauna da János ɗin ba, ya koma ɓangaren Ferdinand da dukiyar duka.

Na ce, “Neni, wannan ai cinikin gona ne, ba aure ba.”

Ta ce, “Da ciniki aka fara, 'yata. Ki bari ki ji sauran.”

Ba zan yi wa mafarin ado ba, har yau ba ya yi mini daɗi. Yarinyar da ba ta da uba ba ta da ɗan'uwa, ba wanda ya tsaya mata sai takardar sarki. Amma abin da ya biyo baya shi ya hana ni barci a daren. Tamás ya yi ta hawa har ya zama mutum na biyu bayan sarki a 1554, aikinsa ya raba shi da gida: yau yana Biyana, babban birnin Ostiriya, gobe yana Pozsony, wato Bratislava ta yanzu, jibi yana bakin daga. Orsolya ta zauna a Sárvár, ita ke kula da wakilan gonaki da rumbuna da masu hidima, da 'yan matan da wasu gidajen sarauta ke kawo mata riƙo don su koyi zaman gida. A gefen gidan nan aka kafa maɗaba'ar da ta buga Sabon Alkawari da harshen Hangare a 1541, fassarar János Sylvester, a shekarar da birnin Buda ya faɗa hannun Turkawa. Tsakaninta da mijinta kuwa ɗan aike ne kan doki, ya kai takarda ya dawo da takarda. Ɗaruruwan wasiƙun gidan sun tsira har yau, da harshensu na gida aka rubuta su, a zamanin da manyan mutane ke yin rubutun aiki da Latin.

Yakan buɗe da “Orsikata abar ƙauna”. Na zaci daga nan sai waƙe-waƙen soyayya. Neni ta yi dariya ta ce akwai zolaya da kewa, amma yawancinsu maganar yau da kullum ce: lafiyar jiki, magani, wa ya zo wa ya tafi, me za a aiko, me ya nuna a lambu. Lambun Orsolya ya yi suna. 'Ya'yan itace na farkon kaka da dangin kankana daga Sárvár suna isa har fadar Biyana, Tamás yana raba wa manya yana alfahari. Gidajen sarauta a lokacin suna musayar rassan da ake yi wa itatuwa aure da su, irin aikin da nake koyo a Georgikon da wuƙa da leda. Mutumin da ke ɗauke da nauyin ƙasar da ta rabu uku yana samun lokacin tambayar abin da ya fito a bayan gida, ita kuma ba ta ganin labarin ya yi ƙanƙanta a aika wa wakilin sarki.

Shekara ashirin suka yi ba haihuwa. Duk wadda ta zauna a gidan miji tana jiran ciki ta san nauyin shekara ɗaya ma. Su addininsu bai ba da damar ƙara aure ba, kuma duk wannan dukiya da aka yi wa dabara har aka mai da mace namiji tana jiran magaji, in babu shi komai ya watse. Wasiƙun wannan lokaci cike suke da damuwa kan lafiyarta, likitan gidan, Gáspár Kőrös, yana kula da ita yana aika wa maigidan rahoto. A 1555 ta haifi ɗa namiji, Ferenc. Shekara bakwai kawai Tamás ya yi da yaron, ya rasu a 1562. Orsolya ta riƙe komai ita kaɗai. Da ta ga Kanizsa ta zama bakin iyaka, ba za ta iya kare ta daga Turkawa ba, ta miƙa wa sarki aka musanya mata da wasu filaye, ciki har da Csejte. Ta rasu a 1571. Ferenc ya auri Erzsébet Báthory a 1575, matar da aka kama a Csejte ɗin nan a 1610 bisa zargin azabtar da 'yan mata da kashe su, ta mutu a tsare a 1614. Duniya ta san sunan surukar, 'yan ƙalilan ne suka san na uwar mijin, wannan kuma yana ƙona wa Neni rai ƙwarai.

A hanyar komawa na ce mata ashe auren haɗi irin nasu yana ƙarewa lafiya. Ta girgiza kai ta ce kada in ɗauki gida ɗaya in yi wa ƙasa hukunci. Ta kawo gidan Esterházy. Miklós Esterházy da aure ya gina arzikinsa, zawarawa biyu masu dukiya ya aura a jere, Orsolya Dersffy a 1612 da Krisztina Nyáry a 1624. Ɗansa Pál kuma, don kada gado ya fita daga gida, ya auri 'yar yayansa da suke uba ɗaya a 1652, tana da shekara 11, sai da aka nemo izini daga Fafaroma. Ta haifa masa 'ya'ya 19, ta rasu a 1682 tana da shekara 41. Na yi salati a cikin motar har wani fasinja ya waiwayo.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Kata Bethlen ta yankin Transilbaniya, don ita ma ta rubuta tarihin rayuwarta da hannunta. An haife ta a 1700, 'yar Furotesta ce mai riƙo da addininta. A 1717 mahaifiyarta ta tilasta mata auren László Haller, ɗan mijin uwar, wanda yake Katolika. Annoba ta kashe shi a 1719. Ta sake aure da József Teleki, amma dangin mijin farko suka ƙwace mata 'ya'yanta biyu don kada su tashi a addininta. 'Ya'yan da ta haifa a aure na biyu suka mutu, mijin ma ya bi su. Daga nan ta riƙa sa “marainiya” a gaban sunanta har ta rasu a 1759. Dokar da ta ba Orsolya garuruwa ba ta iya bar wa Kata 'ya'yan cikinta ba. Su biyun ba wadda aka nemi yardarta, ɗaya ta dace da mutumin kirki, ɗaya uwarta ta jefa ta tsakanin coci biyu.

Bayan isha'i na kira Malam. Da ya fara gaisuwar da muka saba, na ce, “Abban yara, ka ba ni minti goma, yau na je wani gida.” Na ba shi labarin tun daga Mohács har zuwa kankanar Biyana. Ya saurara, ya yi tambaya kan gadon, ya ce wannan doka tasu ta cuci mata. Sai na tambaye shi mangwaron da na yi wa aure kafin in taho. Ya ce ya yi fure, akuyar maƙwabta ta cinye zogalen bayan ɗaki, auta ya fara cewa “a'a” ga komai, rufin kicin yana so a duba kafin damina. Muka yi fiye da awa guda, har katinsa na data ya yi gargaɗi.

Muna shirin sallama ya ce, “Akwai wata magana da na riƙe, ban so in ɗaga miki hankali kina karatu.”

Na ce ina ji.

Ya ce Kawu ya zo wurin Hajiya ranar Juma'a a kan ƙanwar shi Malam ɗin, yarinyar da na riƙa tun tana aji uku na firamare, wadda za ta zana jarrabawar gama sakandare a wannan shekarar. Kawu yana so a ba ɗansa ita, kuma bai ɓoye dalili ba, ya ce kason gonar marigayi da ya faɗo mata bai kamata ya fita daga dangi ba. Hajiya ba ta amsa ba, ta ce sai an ji ta bakina tunda ni na raine ta.

Na ce, “Ita yarinyar an tambaye ta?”

Ya ce ba a tambaye ta ba tukuna.

Na ce ya ba ta wayar gobe da safe kafin ta tafi makaranta, kuma ya fita daga ɗakin.

Abin da ta gaya mini, da yadda muka kwashe da Kawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.