Otenbi, 25 ga Satumba

Iska ce ta tashe ni, tun kafin agogo ya buga. Cikin dare ta juyo daga gabas, ta kwana tana jijjiga tagar ɗakina, ga yayyafi kamar ana watsa tsakuwa. Na yi sallar asuba da rigar sanyi biyu a jikina, sannan na fito.

Tashar nazarin tsuntsaye ta Otenbi tana can ƙarshen kudancin tsibirin Oland na ƙasar Suwidin, inda ƙasa ta tsuke ta shige Tekun Baltik. Tun 1946 ake sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa a wurin, domin bin sawun ƙaurarsu. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda suke kira Longe Yan, wato Dogo Yan, tana tsaye a kanmu, tsayinta ya ɗara mita 41. Duk daren da hadari ya rufe taurari, tsuntsayen da ke ƙetare teku sukan rikice, hasken ya jawo su, su zubo cikin ɗan lambun da ke gindinta. Haka aka yi jiya da dare.

Shugabar aikin ta ce kada a buɗe raga ko ɗaya. Ta yi gaskiya. Tsuntsun da ya rataya a raga cikin ruwa, gashinsa ya jiƙe, sanyi ne zai gama da shi kafin a zagayo. Sai muka tsaya ga manyan tarkunan Heligoland, waɗanda aka gina da waya, bakinsu faɗi, suna tsukewa har zuwa wani ɗan akwati. Mukan jeru mu taka a hankali cikin shuke-shuken, muna tafi, tsuntsayen na tsalle a gabanmu har su shige. Duk rabin awa sai mun zagaya.

Masu jan ƙirji ne suka fi yawa. Bayansu sai wanda mutanen nan ke kira tsuntsun sarki, saboda zanen ruwan zinariya da ke tsakar kansa. Duk Turai babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta, nauyinsa giram biyar zuwa shida. Ɗaya na tsinta a ƙasa gindin katanga, ya kumbura gashi, ko gudu bai yi ba. Na sa shi a jakar auduga, na cusa cikin rigata, ina jin motsinsa a ƙirjina. Bayan kamar minti ashirin ya farfaɗo. Wani kuwa da muka samu kusa da hasumiya rai ya riga ya yi halinsa. Abin ya tsaya mini a rai.

A ɗakin awo aiki ɗaya ne ake ta maimaitawa: a sa zobe, a auna fiffike, a hura gashin ciki a ga yawan kitse, a zura tsuntsu a ɗan bututu a ɗora kan sikeli, a sake shi ta taga. Yatsuna sun ƙage har filaya na kuɓuce mini, sai da na riƙe kofin gahawa na ɗan lokaci.

Wajen ƙarfe goma na zura hannu a jaka na fito da mai jan wutsiya, ƙyanƙyasar bana. Wannan ba a Turai zai yi hunturu ba. Gabansa akwai Bahar Rum, akwai Sahara, sannan ya sauka a ƙasashen Sahel, har da arewacin Najeriya. Shi ya sa ma'aikatan tashar nan suka je Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, a ƙarshen shekarun 1990, suna bin sawun irin waɗannan baƙi. Na hura cikinsa, kitse rawaya ya cika maƙogwaro, Alhamdulillahi, yana da guzuri. Na tuna yadda muke bin irinsu da danƙo muna yara, ba mu san nisan da suka sha ba. Na ɗan daɗe da shi a hannu kafin na buɗe yatsu. Zai riga ni isa gida.

Da la'asar ruwa ya tsagaita, muka fita bakin teku da madubin hangen nesa. Garken dinya na wucewa ƙasa-ƙasa, dab da kumfar igiyar ruwa, wani shaho kuma na shawagi a kan lambun. Na kira Inna da magariba, ta ce an fara yankan gero. An ce gobe iska za ta koma yamma, wataƙila mu buɗe raga. Takalmana na kan hita, ba su bushe ba tukuna.